Maganin Gargajiya a Ƙauyukan Kan Dutse: Amfaninsa, Iyakarsa da Amanarsa

(Taken shiri)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na faɗakarwa kan lafiya da muhalli. Gaisuwa ta musamman ga mutanenmu na kan tudu: na Gembu da Nguroje da Maisamari a tsaunin Mambila, na Gwoza da Madagali da Michika a gindin duwatsun Mandara, na Pankshin da Langtang, na Kaltungo da Tula, har can Timiya da Iferwan a duwatsun Abzin. Yau shirin naku ne.

Za mu yi magana a kan saiwa da sassaƙe da ganye, wato maganin da mutumin kan dutse ke fara nema idan jiki ya ƙi daɗi. Abin da nake so mu fita da shi ɗaya ne: wannan ilmi dukiya ce ta gaske, amma ba zai ci gaba da amfanar mu ba sai mun san inda ya tsaya, mun kuma bar itacen da ke ba mu shi da ransa. Ku gyara zama.

Mu fara da tambaya. Me ya sa mutanen kan dutse suka fi na birni riƙo da maganin itatuwa?

Dalili na farko shi ne nisa. Duk wanda ya taɓa hawa Mambila daga Serti ya san yadda hanya ke murɗewa a jikin tsauni kafin a kai sama. Wannan ma babbar hanya ke nan. Daga nan akwai ƙauyuka da rugage waɗanda sai a babur ko a ƙafa, kuma da damina ta kankama, rafi kan cika ya raba mutum da asibiti. Uwar da ɗanta ya tashi da murɗawar ciki da tsakar dare a irin wannan wuri, abin da ke bayan ɗaki shi za ta fara ɗauka.

Dalili na biyu shi ne dutsen kansa. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6. Tsaunin Mambila yana da tsayin kusan mita 1,600 daga doron teku, Chappal Waddi kuwa, dutse mafi tsayi a Najeriya, da ke cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, ya kai mita 2,419. Saboda haka itacen da ke gindin dutse daban, na tsakiya daban, na ƙololuwa daban. A tafiyar yini guda mai magani zai ratsa irin tsirran da mutumin fili ba zai haɗa ba ko ya yi tafiyar mako. Ƙari a kan haka, akwai kwazazzabai da tsagogin duwatsu da garma ba ta shiga, gobarar daji ba ta cika kaiwa ba, shanu ma ba sa iya hawa. A nan itatuwan da suka ƙare a fili suke fakewa.

Dalili na uku mutane ne. Makiyayin da ya lura da ganyen da saniya ke ƙi, da maharbin da ya san kowane lungu, da ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin gari, da maɗorin da ya gaji sana'a daga kakansa, kowannensu yana riƙe da wani yanki na wannan sani. A duwatsun Abzin, a wajen Buzaye, tsofaffin mata ne suka fi shahara da maganin itatuwa, kuma yawanci 'ya takan koya a hannun uwa ko kaka, shekara da shekaru tana bin ta daji kafin a yarda ta ba wani magani da kanta. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Bahaushe.

To, waɗanne itatuwa ne?

Idan ana maganar itacen dutse a ƙasarmu, hano ne a gaba, wanda wasu ke kira ararraɓi. Za ka gan shi tsaye a kan fako da tsakanin duwatsu, ɓawonsa fari-fari yana saɓulewa siriri-siriri, da rani ya zubar da ganye tas. Ana tafasa sassaƙensa a sha don zazzaɓi da ciwon ciki da ciwon gaɓoɓi, ana wanke gyambo da ruwansa, ana turara ƙaronsa a ɗaki da tufafi. Ɗan'uwa ne na jini ga itacen da ake samun lubban a Oman da Somaliya. Sunansa na kimiyya yana ɗauke da sunan wani likita ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa ya kuma wallafa littafin sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Sunayen da ya tattara, daga bakin kakanninmu ya ji su.

Akwai kukkuki, shi ma mai son duwatsu, wanda ake amfani da ƙaronsa da ɓawonsa. Akwai rawaya, wadda ke fitar da fure ruwan ɗorawa dab da ƙasa bayan an ƙone daji, ana jiƙa saiwarta don shawara. Akwai sanya, wadda saboda yawan abin da ake yi da ita ake mata kirari da uwar magunguna. A gangaren dutse kuma ga maɗaci da marke da bagaruwa. A Mambila, inda aka dasa itacen turare ko'ina, ana sirace da ganyensa idan mura ta toshe hanci. A Abzin ga filasko, mai wanke ciki.

Sai kuma waɗanda dutse ke renon su amma suna da haɗari, irin su tinya da kerana, wadda ake shingen gida da gona da ita a ƙasar Filato. Farin ruwan da ke fita daga jikinsu yana ƙona fata, idan ya shiga ido yana iya makantarwa. Da shi ake haɗa dafin kibiya a da. Amma a cikin wannan ruwa na tinya masana sun gano wani sinadari da ake bincike a kansa don kashe raɗaɗin masu ciwon daji da ya yi tsanani. Ka ga itace ɗaya, dafi a hannun wanda bai sani ba, abin bincike a hannun masani. Abin da ya raba su shi ne awo da sanin hanya.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da mu a filin faɗakarwa, muna tattaunawa kan maganin gargajiya a ƙauyukan kan dutse.

Akwai wata ƙa'ida da ake ji a bakin tsofaffin masu magani a wurare da dama: idan za ka sassaƙi itace, ka ɗiba ta gabas da ta yamma, kada ka zagaye shi. Yaran zamani kan ɗauka camfi ne kawai. To ga abin da ke ciki. A ƙarƙashin ɓawon itace akwai wata siririyar fata mai danshi, ta cikinta ne abincin da ganye ya sarrafa ke sauka zuwa saiwa. Idan ka ɗebe gefe biyu ka bar gefe biyu, abinci zai ci gaba da wucewa, raunin kuma ya warke a hankali. Idan ka zagaye gindin gaba ɗaya, kamar ka yanka wa rago maƙogwaro ne: itacen zai yi ɗan lokaci da ganyensa kore, saiwa na mutuwa da yunwa a ƙasa, daga baya ya bushe a tsaye.

Abin da ya faru a maƙwabciyarmu Kamaru ya nuna mana abin da ke biyo baya idan aka yar da wannan ƙa'ida. A dazuzzukan kan tsaunuka masu sanyi akwai wani dogon itace mai duhun ɓawo, masana na kiransa Prunus africana. Yana nan a Dutsen Kamaru, yana nan a dajin Kilum-Ijim na ƙasar Oku, yana nan kuma a namu ɓangaren, a ɗan ragowar dajin Ngel Nyaki da ke Mambila. Mutanen waɗannan tsaunuka sun daɗe suna dafa ɓawonsa don zazzaɓi da ciwon ciki da ciwon ƙirji. Sai Turawa suka gano yana rage wahalar dattawan da fitsari ke fita musu da ƙyar saboda kumburin wani ƙululu da ke ƙarƙashin mafitsara. Daga shekarun 1970 aka shiga sayen ɓawon da nauyi ana kai shi Turai, musamman Faransa da Italiya.

Da farko an bi tsari: ba a taɓa ƙaramin itace, babba kuma a ɗebe kashi biyu cikin huɗu na zagayensa, gefe da gefen da ke fuskantarsa, a bar shi shekaru ya warke kafin a dawo. Kun ji ko? Gabas da yammar tsofaffinmu ke nan. Amma da kuɗi ya shigo, masu saye suka yi yawa, sai aka koma tuɓe itace tun daga gindi har rassa, wasu ma su sare shi su kwantar don kada su bar ko tafin hannu. Itatuwa suka riƙa bushewa a tsaye. A 1995 aka sa shi cikin jerin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. A 2007 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen ɓawon daga Kamaru. Wa ya fi shan wahala? Kamfanin Turai ya nemi wata ƙasa. Mutumin ƙauye shi aka bari ba ciniki, itacen da kakarsa ke ɗiba a bayan gari kuma ya yi nisa. Abin da ya fara gyara lamarin shi ne manoma sun koma dasa itacen a gonakinsu, al'ummomi kuma suka sa doka a kan dazuzzukansu.

Kada mu ce wannan labarin Kamaru ne. Ku dubi maɗacin da ke bakin hanyoyinmu, ku ga yadda aka sassaƙe shi har inda hannu ya kai. Ku tambayi masu sayar da saiwar sanya nisan da suke yi yanzu kafin su samo ta. Ita saiwa ma ta fi ɓawo haɗari, domin wanda ya tone ta duka ya kashe itacen nan take. Buhunan sassaƙen da ake saukewa a kasuwannin Kano da Jos da Yola, daga wani daji suka fito, kuma mafi yawan masu ɗiba ba su dasa ko ɗaya ba.

Yanzu bari mu juya ga masu raina wannan ilmi, masu cewa duk shirme ne. Tarihin magani bai goyi bayansu ba. Kwinin, wanda ya daɗe yana maganin zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawon wani itace ne na duwatsun Andis a Kudancin Amurka, kuma a 1820 wasu masana biyu a Faransa suka ware sinadarinsa. A 1854, da Dokta Baikie ya shigo da jirgin ruwa ta Kwara ya haura Binuwai, kwinin ya riƙa ba mutanensa, ya koma ba tare da zazzaɓi ya kashe ko mutum ɗaya ba. Maganin zazzaɓin da ake ba mu a asibiti yau kuwa, tushensa wani ganye ne na ƙasar Sin, dangin tazargade. Wata masaniya, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka ware sinadarinsa a 1972, bayan ta lura a wani tsohon littafin maganin gargajiyarsu cewa jiƙa ganyen ake yi a matse, ba a tafasa shi, domin zafi na lalata ƙarfinsa. An ba ta kyautar Nobel a 2015. A nan gida ma, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar da Niprisan don masu ciwon sikila, daga haɗin wani mai maganin gargajiya da ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi.

Amma ku lura da abin da ya haɗa waɗannan labarai uku. A kowanne, an ɗauki abin da mutane suka sani, aka gwada shi, aka auna shi, aka san yawan da ke warkarwa da yawan da ke cutarwa. Nan ne raunin jiƙonmu yake. Sassaƙen da aka ɗebo da rani ƙarfinsa ba ɗaya yake da na damina ba, na tsohon itace ba ɗaya yake da na ƙarami ba, kofin wannan gida kuma ba ɗaya yake da na wancan ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a dogara da shayin tazargade don maganin zazzaɓin cizon sauro ba: sinadarin da ke ciki sau da yawa bai isa ya kashe ƙwayar cutar duka ba, wadda ta tsira kuma tana iya koyon jure wa maganin.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Iyayenmu mata, iyayenmu maza, wannan ɓangare na shirin shi ne wanda nake roƙon ku fi riƙewa. Akwai lokutan da tsayawa neman ganye ke cin rai.

Na ɗaya, saran maciji. Mutanen Kaltungo da Langtang sun san kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai iya yini yana hira, ana cewa magani ya kama, alhali jini na tsiyaya a cikinsa, sai a ga dasashi na zubar da jini, ko fitsari ya koma ja. Me ya sa to ake ganin kamar maganin gida na aiki? Saboda macizai da yawa ba su da dafi mai kisa, mai dafin ma wani lokaci yakan sara bai zuba ba. Waɗannan za su warke ko an ba su magani ko ba a ba su ba. Wanda kububuwa ta zuba wa dafi sosai, allurar kashe dafi ce ke ceton sa, kuma akwai asibitin da ya ƙware a kan wannan a Kaltungo. Kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a kai shi asibiti nan take.

Na biyu, zazzaɓin ƙaramin yaro. Idan ya fara jijjiga, ko ya ƙi kama nono, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko barci ya yi masa nauyi har ba a iya tashe shi, babu sauran jira. A yi gwajin jini, a ba shi magani cikakke.

Na uku, gudawa. Bagaruwa na iya ɗaure ciki, amma abin da ke kashe yaro shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma bagaruwa ba ta mayar da shi. Ruwan gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinki su ne kan gaba, a ci gaba da ba da nono. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa ya ishe shi, ba ya buƙatar dauri.

Na huɗu, mai juna biyu. Saiwar sanya da filasko da duk wani abu mai tsananin wanke ciki haɗari ne gare ta da abin da ke cikinta. Naƙudar da ta daɗe, ko zubar jini kafin haihuwa ko bayanta, aikin asibiti ne.

Na biyar, shawara. Idan ido ya yi rawaya, abubuwa da dama ke kawo shi, ciki har da ciwon hanta mai yaɗuwa, wanda gwajin jini kaɗai ke nuna shi. Hantar da ta riga ta gaji, idan aka yi ta ɗura mata jiƙo kala-kala, nauyi ake ƙara mata. Haka ƙoda. Kuma duk mai shan maganin hawan jini ko na suga ko na tarin fuka, kada ya ajiye shi don an ba shi sassaƙe. Idan kana haɗa su, ka gaya wa likita gaskiya. Ku ma ma'aikatan lafiya, ku tambaya cikin mutunci. Idan kuka yi wa tsohuwa tsawa don ta ba jikanta jiƙo, gobe ba za ta faɗa muku ba, jibi ma ba za ta zo ba.

Mai maganin ƙwarai an san shi da abu uku: yana faɗin abin da ya haɗa, yana faɗin awo, kuma yana iya cewa wannan ya fi ƙarfina, ku tafi asibiti. Wanda ya ɗaga kwalba ɗaya a tasha da lasifika ya ce tana maganin basir da suga da rashin haihuwa da ciwon daji, ɗan kasuwa ne, aljihunka yake nema. Idan maganin na cikin kwalba ko fakiti ne, a duba lambar NAFDAC.

To me ya rage a kanmu?

Masu ɗibar magani, ku koma ga ƙa'idar iyayenku. Gefe biyu, ba zagaye ba. Kada a taɓa ƙaramin itace. Idan ganye zai yi aikin, a bar ɓawo. Idan ɓawo zai yi, a bar saiwa. Idan dole sai saiwa, a yanki ta gefe a mayar da ƙasa a rufe. Abin da aka ɗebo a shanya shi a inuwa, a kan tabarma mai tsabta, domin sassaƙen da ya yi fumfuna cuta ne.

Manoma, ku dasa. Hano ba ya da wuyar kamawa: reshe ake sarowa a kafa a ƙasa ya tsiro, shi ya sa ake shinge da shi. Layi ɗaya a iyakar gona ya ishi gida da maƙwabta.

Masu unguwanni, dagatai da hakimai, a hannunku dokar daji take tun fil azal. Ku keɓe kurmi da kwazazzabon da ba a sara, ba a sa wuta, ku san baƙon da ya shigo da buhu, ku san abin da zai fita da shi. Idan masu bincike suka zo neman sani, a karɓe su hannu bibbiyu, amma a yi yarjejeniya a rubuce. Ƙasashen duniya sun amince a birnin Nagoya na Japan a 2010 cewa al'ummar da aka ɗauki ilminta da tsirranta tana da haƙƙi a cikin amfanin da aka samu.

Ku kuma samari da 'yan mata, musamman 'yan makaranta, aikinku ya fi na kowa gaggawa. Ranar 31 ga Agusta ta kowace shekara ce ranar maganin gargajiya ta Afirka, amma kada ku jira ta. Wayar da ke hannunku tana ɗaukar hoto, tana ɗaukar murya. Ku zauna gaban kaka, ku nemi izininta, ku tambaye ta sunan itacen da harshenku, da inda yake fitowa, da lokacin ɗibarsa, da wanda ba a ba shi. Wannan na ƙarshe kada ku manta da shi, domin sanin wanda ba a ba magani rabin ilmin ne. Ku rubuta ku adana. Duk tsohuwar da ta rasu ba a tambaye ta ba, ta tafi da abin da ba za a same shi a kowace jami'a ba.

Jama'a, mu riƙe maganin iyayenmu da daraja, mu kai mara lafiya asibiti a kan lokaci, mu dasa abin da muke ɗiba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda ya saurari wannan shiri ya isar wa wanda bai ji ba, musamman 'yan'uwanmu na rugage da ƙauyukan da rediyo ba ta kamawa sosai.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.

(Taken rufewa)